Indararon da Ba a Huda Ba

A shekarun fari, lokacin mulkin soja, ni yarinya ce da goyona na farko, ban yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, kuma Allah ya yi ni da yawan fargaba. Duk Agadas ana roƙon ruwa, ni kuwa a ɓoye tsoron ruwan nake ji. Ban taɓa ba da labarin nan a fili ba sai yau da nake rubuto muku.

Maigidana yana aiki a mahaƙar kwal ta Anu Araren, sai ƙarshen wata yake leƙo mu. Ya sa wani magini ya yi mana ɗakin soro a cikin gidan mahaifiyarsa. Aiki ya kusa ƙarewa sai hukuma ta kwashi magina zuwa wani shantiye nata, wato wurin aikin gini, a lokacin kuwa ba mai tambayar soja yaushe zai saki mutum. Haka nan muka tare. Ni ce mai wuni a ɗakin, don haka ni ke ganin abin da aka bari: ƙyaure ba ya kamawa, yaɓe bai kai kusurwa ba, dokin ƙofa na motsi. Duk inda na gani sai in ɗauko gawayi daga murhu in yi alama a wurin, don kada in manta in magini ya dawo. Surukata ta riƙa yi mini dariya, wai ashe shef ɗin shantiye ɗanta ya auro mata.

Akwai wuri ɗaya da gawayina bai kai ba. Da hantsi, in na tsaya ƙarƙashin kowane indararo na ɗaga kai, nakan hango haske ta cikinsa. Amma na kusurwar gabas, daidai inda nake shimfiɗe ɗiyata, duhu ne ƙirin. An dasa shi a bango, ba a huda masa hanya ta saman soro ba. Hannuna ba ya kaiwa, hawa soro kuwa a unguwarmu ba na matar aure ba ne, sai a ce gidajen maƙwabta take leƙe.

Da magini ya samu sarari ya zo wani yini, ya bi alamomina ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa, yana tsokanata wai amarya ta fi sojan tsanani. Da na yi masa maganar indararon, murya ƙasa-ƙasa, sai ya dubi sama ya ce in fara nuna masa girgijen, shi har ya manta kamannin ruwa a kan soro. Ya ce wata rana zai dawo da tsani. Surukata ta ja ni gefe ta ce in kama bakina, dabbobi na mutuwa, mutanen daji sun cika bakin gari babu abin kai wa baka, ni kuma ina nema wa ruwa hanyar fita, wai irin wannan bakin ne ke korar damina. Kunya ta kama ni, na bar maganar. Maigida ya zo ya ga an shafe alamomin duka, ya ce to aiki ya ƙare. Ban yi masa maganar indararon ba. Abin da ya rage ba shi da alama.

Haka muka zauna, in an roƙi ruwa in ce amin da baki kawai. Ran da ruwan ya zo, bayan la'asar ne. Gari ya ɗauki guɗa, surukata tana hawaye tana godiya, ni kuwa idona na kan bango. Sauran indararo suna zuba kamar bakin tulu, na gabas ko ɗigo. Na shiga ɗaki na ji azara tana ƙara, jiƙaƙƙiyar ƙasa na zubowa kan zanin da na lulluɓe yarinyar. Na sure ta na danƙa wa surukata, na ɗauki taɓarya, na taka turmi na kama katanga na haye, ban damu da wa ke kallo ba. Ruwa ya kwanta a kusurwar har idon sawu. Na tsaya ta jikin bango na yi ta dukan bakin indararon har ƙasar ta ɓalle, ruwa ya tafi. Amma na makara. Ina saukowa kusurwar ta rufta, daidai kan shimfiɗar ɗiyata.

Surukata ta daɗe tana duban tulin ƙasar nan, yarinya a ƙirjinta. Washegari da kanta ta tafi ta zo da magini, da tsaninsa a kafaɗa, ran nan bai yi tsokana ba. Maigida abu ɗaya ya tambaye ni, me ya hana ni faɗa masa. Na gani da idona, amma tsoron a ce ina da mugun baki ya fi mini tsoron soro nauyi.

Yarinyar nan yanzu ita ma uwa ce, amma in hadari ya haɗo har yanzu sai na fita na dubi bango. Don Allah, mai karatu, in an yi maka gini, kada ka ce ya ƙare don abin da ke ƙasa ya yi kyau. Ka tambayi mai wuni a ɗakin abin da ta gani, ka saurare ta ko da rana ake tsala. Ke kuma ƴar'uwa, in kin gani ki faɗa, in an yi miki dariya ki sake faɗa.