Kututturen Bayan Makaranta

Shekarar da iska ta kwashe rufin ajin kimiyya, aka koma karatu a gindin bishiya, a shekarar ce Malam Tabarau ya fara sanin yarinyar. Yana bayanin sassan ganye, ita kuwa ta ba shi baya tana tonon ruɓaɓɓen itace da tsinke. Ya matso zai yi mata faɗa, sai ta tambaye shi me ya sa lemar kwaɗi ba ta da ganye amma take girma. Daga ranar 'yan aji suka laƙaba mata 'Yar Lema.

Malam yana da abin da ko matarsa bai nuna wa ba. A kwarin bayan makaranta akwai wani kututture da duk damina yake fitar da lema ruwan goro, mai laushi kamar kunnen jariri, wadda bai taɓa gani a littafi ba. Yarinyar kaɗai ya kai wurin, bisa sharaɗin a kalla da ido, a yi shiru da baki.

Ta girma, ta shiga jami'a, ta zama mai binciken funfuna da lemar kwaɗi. Malam ya yi ritaya, ya dinga cika baki da ita har mai aski ya ce wanda bai sani ba sai ya ɗauka shi ya haife ta.

To, ƙa'idar aikinsu ita ce duk wanda ya bayyana sabon iri, dole ya faɗi ainihin inda ya samo shi, domin wasu su je su tabbatar. Da ta bayyana lemar kututturen nan a bincikenta, sai ta faɗi wurin. Labari ya kai kunnen masu haɗa magunguna, suka zo da gatari da buhuna. Da damina ta kama Malam ya sauka kwarin a hankali, yana dogara sanda, ya tarar da rami.

Ta zo ba shi haƙuri. Bai ce a kawo mata kujera ba. Ta durƙusa ta yi ta bayani, cewa ba a karɓar bincike in babu wuri, kuma ba ta zaci wani zai kula ba.

"Dakta," ya ce, shi da bai taɓa kiranta da komai ba sai 'yata, "amana na ba ki, ba aiki ba."

Ba ta sake tako masa ba, shi ma ya daina zancenta a shagon aski.

Bayan damina biyu, wata safiya ya zaga bayan gida inda matarsa ta jibge wasu guntayen itace da take hana kowa taɓawa. Sun fito da lema, ruwan goro, jere a gefe. Ya duba da kyau ya ga ƙananan ramuka a jikin itacen an toshe su da kakin zuma. Sai a lokacin matar ta faɗa masa: ranar da ya je asibiti 'Yar Lema ta kawo su. Ta raya irin a ɗakin gwajinta, ta cusa a itacen, ta roƙi a riƙa yayyafa ruwa, kada a ce ita ce.

Malam ya daɗe a sunkuye. Ya ce ta kwarin ta fi wannan ja. Sannan ya ce a miƙo masa bokitin ruwa.