Ranar da Taubashina Ya Zama Duba-gari

Shekarar da na fara koyarwa a wata firamare a Yelwa, lokacin muna Jihar Sakkwato, taubashina ya zo mana hutu daga birni. Ɗan kawuna ne, sa'ana, sai dai ya fi ni tsawo da yawan magana. A kwaleji yake karatu, kuma tun da ya sauko daga mota yake tambayar ina tafkin nan da ake koya musu a aji. Na kai shi bakin kasuwa na nuna masa ruwa, ya ce shi ba wannan yake nufi ba. So yake ya ga ƙauyukan masunta da idonsa, ya rubuta abin da ya gani.

Ranar Asabar da safe ya fito cikin riga da wando na kaki, ya ɗora tabarau, ya soke biro biyu a aljihu, ga wani littafi mai baƙin bango a hammata. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Yawo za ku ko kamun ɓarawo?" Ta zuba mana dambu a kwano, ta ƙara da ƙuliƙuli, muka fita.

Mai hayar keke yana gindin wata bishiyar dogon yaro kusa da tasha. Mun makara, kekuna biyu kawai muka tarar. Ɗaya tsoho ne mara ƙararrawa. Ɗayan baƙi ne mai sheƙi, an ɗaure masa farin akwatin katako a kariya. Kafin in buɗe baki taubashina ya dafe baƙin, wai akwatin zai yi masa amfani, ya sa kwanon dambu da ƙuliƙulin a ciki. Mai haya ya dubi kakin, ya dubi keken, ya yi wani murmushi ya ce, "Lalle kun dace da juna." Mu dai muka ɗauka yabo ne.

Muka miƙi hanyar da ta yi kudu, wajen Birnin Yauri, sannan muka saki titi muka bi wata 'yar turba da ta gangara zuwa ruwa. Gonakin albasa ne hagu da dama. Taubashina na gaba yana ta kaɗa ƙararrawa ko da babu kowa a hanya, ni ina baya sarƙar kekena na kuka.

Wajen hantsi ƙishirwa ta kama mu, muka ratse zuwa wani ƙaramin ƙauye. Muna shiga sai na ga wata mata ta yar da taɓarya ta faɗa gida da gudu. Can kuma wani mutum yana jan akuya da ƙarfi zuwa bayan danga. Nan da nan sai ƙarar tsintsiya ta ko'ina. Muka yi sallama a wata ƙofa muka roƙi ruwan sha. Matar gidan ta leƙo, ta ga taubashina, ta koma. Sai muka ji waaa, ruwa ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa har ya jiƙa mana takalma. Ta sake leƙowa ta ce, "Randar babu komai, ku shigo ku duba."

Taubashina ya buɗe littafinsa zai rubuta wannan abin mamaki. Matar na ganin ya zare biro ta ɗora hannu a ka ta fara salati. Muka hau kekunanmu muka bar garin da ƙishirwarmu.

"Mutanenku ba su son baƙi," in ji shi.

"Fuskarka ce," na ce masa.

Ƙauye na biyu a bakin tafkin yake, irin waɗanda aka tayar aka sake wa mazauni bayan an datse kogi ruwa ya cinye tsibirai. Ashe wani mai kwalekwale ya riga mu isa da labari. Mun tarar an share gari fes, har ana yayyafa ruwa. Mai unguwa, wani dattijo mai farin gemu, yana tsaye a bakin hanya da mutum uku a bayansa. Ya riƙe kan keken taubashina ya ce, "Ranka ya daɗe, sannu da hanya. Ashe an canza mana duba-gari."

A nan na gane komai. Daga baya na ji cewa duba-garin da ke zagaya ƙauyukan bakin ruwa ya sami babur, shi ne ya sayar wa mai haya kekensa, akwati da komai. Shekara da shekaru mutanen nan sun san farin akwatin nan: in ya shigo gari, za a leƙa randa a nemi tsutsa, a duba kwata da masai, wanda aka samu da ƙazanta kuma sunansa ya shiga littafi.

Na buɗe baki zan yi bayani, taubashina ya take mini ƙafa. Ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya ce, "Yauwa, Baba. Mu fara da ruwan sha." Aka kawo mana ruwa mai sanyi a sabuwar ƙwarya. Ya ɗaga ta ya duba kamar mai neman wani abu, sannan ya shanye tas. Ni ma na sha, don haka ba zan ce ba ni da laifi ba.

Daga nan ya harɗe hannu a baya ya shiga zagaya gari, mai unguwa na biye, ni ina tura kekuna biyu. Ya leƙa randa ya ce madalla. Ya tsaya kan wata kwata ya girgiza kai, mai gidan ya ruga neman fartanya. Har agwagwa ya tsaya ya ƙare wa kallo ya yi rubutu. Na leƙa littafin, na ga abin da ya rubuta shi ne, "Agwaginsu manya ne."

A ƙarshen gari muka iske wata tsohuwa tana bandar kifi. Ita ba ta share komai ba, ba ta kuma tashi ba. Ta dube shi ta cikin hayaƙi ta ce, "Kai ne sabon? To, Allah ya kawo ka. Wancan ya yi mini alkawarin maganin rijiya, tun kafin damina nake jira. Ruwan wari yake."

Taubashina ya ce, "To, Inna, za a duba lamarin. Zan rubuta."

"Rubutu na nawa? Maganin na cikin akwatin nan, farin gari ne, na sha ganinsa."

Kafin wani ya motsa ta miƙe, ta zo ta ɗaga murfin akwatin da kanta. Ta ciro kwano ta buɗe. Ta shinshina. Ta ɗiba ta kai baki.

"Dambu ne," ta ce. Ta sake laluba akwatin ta fito da ƙuliƙuli. "Wannan kuma na kashe tsutsa ne?"

Taubashina ya cire tabarau ya rasa inda zai sa shi. Ni na ga ba makawa, na durƙusa gaban mai unguwa na ce, "Baba, a gafarce mu. Ni malamin makaranta ne a Yelwa, wannan ɗan kawuna ne daga Sakkwato. Keken haya muka ɗauko, tafki muka zo gani."

Mai unguwa ya dube mu. Sai gemunsa ya fara rawa, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce rabon da garin nan ya ga shara irin ta yau tun ranar da suka tare. Mutumin da ya ruga neman fartanya ne kaɗai bai yi dariya ba.

Tsohuwa kuwa ba ta gama da mu ba. Ta ce, "Duba-gari ko ba duba-gari ba, ka sha ruwanmu da sunan aiki, sai ka yi aikin." Ta miƙa wa taubashina guga, ni ta ba ni igiya da ƙugiya. Rijiyar ba ta da zurfi sosai. Muka yi ta janyo ruwa muna zubarwa har azahar ta gota, mutanen gari sun kewaye mu suna ba da shawara. Can ƙugiyata ta kamo wani abu mai nauyi. Muka ja tare, sai ga wani ruɓaɓɓen taru cike da laka da ƙayar kifi, wanda ba wanda ya yarda nasa ne. Da ya iso baki ya kuɓuce ya faɗo wa taubashina a ƙirji. Kakin nan bai sake komawa kalarsa ba.

Bayan mun wanke jiki mun yi salla, tsohuwar ta ajiye mana tuwo da miyar kifi, ita kuma ta zauna ta cinye dambunmu. Sannan ta kira ɗanta, wani ƙaton masunci mara magana, ta ce ya kai baƙi su ga ruwa.

Muka shiga kwalekwale. Da muka yi nisa da gaɓa iska ta taso, ruwa ya fara ɗaga mu yana saukewa. Taubashina ya ƙanƙame gefen jirgin da hannu biyu, littafi na cikin rigarsa, bai ko tuna da shi ba. Ya hango wata ƙasa can gaba ya tambaya da ƙaramar murya ko ɗaya gaɓar ke nan. Masuncin ya ce, "Tsibiri ne. Ba mu fara tafiya ba." Taubashina ya ce ai ya gani, ya gamsu, a mayar da mu.

Da za mu koma, mai unguwa ya sa aka lulluɓe akwatin da buhu aka ɗaure, don kada mu tayar da hankalin sauran ƙauyuka. Kafin a ɗaure, tsohuwa ta cusa mana bandar kifi a ciki. Tudun da muka gangaro da safe muna dariya, yanzu shi muka tura kekuna muka haura a ƙasa, ƙudaje na rakiyarmu.

Mun shiga Yelwa ana kiran magariba. Kwana biyu taubashina bai iya zama ba saboda sirdi; a tsaye yake cin abinci, yana jingine da bango. A rana ta uku ya same ni ina shirin tafiya makaranta, ya ce ya ji ana labarin kasuwar Shanga, ko Asabar mai zuwa za mu leƙa. Na ce masa za mu je, amma a mota, kuma ni zan zaɓa masa rigar da zai sa.