Lambar Maman Rahila

"Baba, ka yi haƙuri, ba zan ba ka lambarta ba," na ce wa dattijon da ya tsaya a ƙofar gidanmu a Samaru jiya. Ni ce sakatariyar kwamitin masu gidajen benenmu, lambar kowa tana hannuna.

Ya ce shi yayan Maman Rahila ne daga Kafanchan, sun yi shekaru ba sa magana.

Na rubuta lambarsa, na hau sama na kai mata. Ta daɗe tana kallon takardar.

"Da kin ba shi, da ban ɗauka ba," in ji ta. "Tunda kin tambaye ni, ce masa ya hauro."

Har la'asar ina jiyo dariyarsu. Ku da ya za ku yi?