Kogin da Ya Daina Cin Mutane

Shagon Tela yana ƙarƙashin matakalar wani bene, ɗan ɗaki ne da in mutum huɗu suka shiga sai an yi ta "matsa mini." Keken ɗinki, teburin yanka, dogon madubi a bango bayan kujerarsa, shi ke nan dukiyar. Tun da matarsa ta rasu, gida ya zama wurin kwana kawai.

Abin da ya bambanta shi da sauran teloli, ban da rashin surutu, shi ne wasansa. In la'asar ta yi sanyi sai ya kwashe yadi daga tebur, ya ɗauki alli ya zana wata ƙasa da babu ita ko'ina sai a kansa: kogi a nan, dutse a can, garuruwa a tsakani. Kowane ɗan wasa a ba shi maɓalli ɗaya, shi ne mutuminsa. Kai za ka faɗi abin da mutuminka zai yi, Tela ya kare da tafin hannu ya jefa ɗan lido, ya gaya maka yadda ta kaya. Shida sa'a ce. Ɗaya kuwa, in kana wurin haɗari, sai dai a yi maka ta'aziyya.

Maza da furfura, wai suna jin tsoron kogin alli. To amma suna ji ɗin. A ƙasar Tela gishiri yana tsada inda hanya ta yi nisa, jaki yana gajiya, wanda ya fita ba guzuri yunwa ta kama shi. Ɗaya daga cikinsu, Mai Kanti, ya taɓa yin sati ba ya gaishe shi don mutuminsa ya mutu a rijiya, sannan ya dawo da kansa ya roƙi sabon maɓalli.

Sai kwana ya ja. Direba, wani abokin wasan, ya bi 'ya'yansa wani gari. Mai Kanti ya kwanta, bai tashi ba. Aka bar Tela da ƙanin matarsa, wanda kowa ke kira Guntu saboda tsawonsa har ya yi yawa. In Guntu bai zo ba, Tela yakan wuni bai yi magana da kowa ba sai masu cewa ɗinkinsu ya matse.

Mutumin Guntu falke ne mai jakin gishiri, ya yi shekara da shekaru yana yawo a teburin. Guntu kan ce ran da falken nan ya mutu shi ma ya yi ritaya, ya wuce shekarun karɓar sabon maɓalli. Wasa yake ko gaske, oho. Tela dai ya riƙe maganar.

Ran nan Guntu ya ce zai ƙetare kogi, ga shi a labarin damina ta yi tsakiya. Tela ya ce masa ruwa ya cika, ya jira rani. Guntu ya ce gishirinsa ba zai jira rani ba, kuma mijin yayarsa ya cika tsoro kamar kaza. Tela ya kare da hannu ya jefa. Ɗigo ɗaya.

Ya dubi ɗan lido, ya dubi kujeru biyun da babu kowa a kai. Ya ce, "Huɗu. Ka sha ruwa, amma ka fita."

Ya manta da madubin da ke bayansa. Mutumin da ya tsufa yana juya mutane gaban madubin nan.

Guntu ya tura maɓallinsa ya ƙetare kogin. Amma daga ranar falken ya haukace. Ya diro daga kan ganuwa, ya tashi ya kaɗe riga. Ya zagi 'yan fashi a gabansu, suka ba shi hanya. Ya shiga jeji ba goran ruwa, sai ga rijiya inda ba a taɓa zana ta ba. Kullum Tela na da dalili, kullum dalilin na ƙara rama.

Wata la'asar Guntu ya ɗauki maɓallin ya ajiye a tsakiyar kogin, ya ce falkensa zai kwana a nan, cikin ruwa. Tela ya ɗaga ɗan lido.

"Bar shi, Yaya," in ji Guntu. "Na ga ɗayan nan tun ranar. Da ka bar ni na nutse, da na yi fushin sati na dawo."

"Ka ce in ya mutu ka daina."

"Ni da nake faɗin abu goma kafin in sha shayi? Da can in na zo bakin kogin nan har tafin hannuna gumi yake. Yanzu alli nake gani, da tebur, da tsoho yana lallashina."

Tela ya ce a sake daga inda aka karkace, ya yarda falken ya mutu tun ranar. Guntu ya ce ko an sake, duk jifar da za a yi sai ya leƙa madubi, shi kuwa bai zo duniya gadin surukinsa ba. Ya faɗa da dariya, ya kuma tafi da dariyar.

Ba su ɓata ba. Guntu yana biyowa ya gaishe shi daga bakin ƙofa, ya tambayi lafiyar ƙafarsa, ya wuce. Kwanaki ya kawo wando a rage masa ƙugu, aikin da Tela zai gama kafin ruwa ya tafasa. Wandon na nan rataye a ƙusa. Duk zuwan da Guntu zai yi, sai Tela ya ce zare ne bai samu kalarsa ba, ya dawo jibi.