Darakta Mai Tura Keken Madam Araksi

Shekara ashirin da ɗoriya Malam Sharfuddeen ya yi a ma'aikatar kuɗi ta jiharsu. Ya fara da ƙaramin akawu har ya kai mataimakin darakta, yana da direba, yana da masinja a ƙofar ofis. Da aka canza gwamnati aka yi masa ritayar dole. Wani abokinsa ya jawo shi Dubai su yi harkar kago, wato jigilar kaya, ba ta yi shekara ba ta mutu. Komawa gida hannu rabbana ta yi masa nauyi, sai ya karɓi aikin da ya samu: kula da wata tsohuwa 'yar Armeniya, Madam Araksi, a unguwar Bur Dubai. Matarsa Murjanatu kuwa kago ta san yana yi.

Tsohuwar ba ta iya tafiya, amma bakinta ba ya gajiya. Da Larabcinta na Beirut da nasa na islamiyya suke hira, kuma kullum hirar kakanta ce. Hotonsa na rataye a falo, da jar dara da lambobi a ƙirji. Ta ce Kirista ne, amma sarkin Turkawa ya yi wa aiki a baitulmalin Istanbul, daga magatakarda har ya zama mutumin da gwamnoni ke jira a ƙofarsa. Da daular ta rushe ya tsira da ransa zuwa Beirut, ya ƙare yana sayar da maɓallai da zare.

Sharfuddeen yakan saurara kawai. Bai taɓa gaya mata shi wane ne a da ba.

Wata la'asar yana tura kekenta a kasuwar yadi, sai ya ji an ce, "Ranka ya daɗe, Darakta."

Kamal ne, yaron da ya ɗauka aiki da hannunsa a ma'aikata, yanzu ya zama ɗan kasuwa, ga 'yan dako biyu a bayansa. Ya rusuna ya gaishe shi kamar dā.

"Yallaɓai, ashe kana nan garin? Wannan fa?"

"Mahaifiyar abokin cinikina ce," in ji Sharfuddeen. "Na ɗan fito da ita shan iska."

Bai rufe baki ba takalmin tsohuwar ya zame ya faɗi. Ta buga hannun keken. "Yalla, Sharif, sa mini. Ka tsaya surutu a bakin aiki."

Ya durƙusa a gaban Kamal ya sa mata takalmin. Ya kasa ɗago kai. Kamal ya mai da idonsa kan wani yadi, ya yi ta shafa shi kamar zai saya. Daga baya ya ce ranar Juma'a akwai tuwo a masaukinsu na unguwar Al Satwa, don Allah Darakta ya zo. Sharfuddeen ya ce in sha Allahu.

A hanyar gida ya tambayi tsohuwar ko tsofaffin abokan aikin kakanta sun taɓa ganinsa a rumfar maɓallan.

"Sau da yawa," ta ce. "In ya hango su sai ya shige bayan labule, kakata ta ce ba ya nan."

Juma'ar ta zo, Sharfuddeen ya goge babbar rigarsa, ya hau mota har Al Satwa. Ya tsaya a tsallaken titi yana jin Hausa na tashi ta tagar bene, ana dariya. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya shiga shagon wani Bapakistane ya ci shinkafa shi kaɗai, ya koma ya ba tsohuwar maganinta.