Tsirkiyoyin Jitar Yaya Ilu

Yau shekara tara ke nan cif da muka kai yayana Iliyasu makwancinsa a nan Makka, kuma har yanzu in na tuna shi dariya ke riga hawaye zuwa. Mai gyaran mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki. Aikin ne ya kawo shi daga Maraɗi, shi kuma ya jawo ni. Mutanen unguwarmu Jarwal sun san Ilu da jakar kayan aiki a kafaɗa, mu na cikin gida da jita muka san shi.

Ba rungumarta yake yi kamar kowa ba. Kwantar da ita yake a cinya, ya sa guntun ƙarfe ya ɗaga tsirkiyoyin, sannan ya riƙa zame wani ɗan sandan ƙarfe mai santsi a kansu, sai ka ji tana kuka kamar goge. Ya ce saitin da jita ke zuwa da shi daga kanti bai san waƙoƙin garinmu ba, don haka ya sake ɗaure ta yadda in ka shafi duka shidan haka kawai, muryar gida za ta fito. A lokacin ba a ɗaga sautin kiɗa a unguwa, sai ranar Juma'a bayan la'asar yake rufe taga ya zauna. Matarsa, Yaya Balki, ta yi shekara ashirin tana mita daga kicin cewa wannan ƙi-ƙi ɗin zai tsinka mata miya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai ga yau. Gidan da muka zauna a Jarwal ya zama otal, mun koma unguwar Zahir. A Jidda ga jita nan a rataye a kantuna, samari na saita ta da waya. Na tabbata sai ya fara yi musu tsiya, ya tambaya ko waya tana da kunne, can kuma ya ce a ba shi aro ya gani.

Bana autarsa Rabi ta haihu. A nan aka haife ta, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Ana saura kwana uku suna ta ce da ni, "Baffa, abu ɗaya nake so wallahi. Kiɗan Abuya, ya'ni babana, wanda yake yi mini in ina kuka. Ina so yaron nan ya ji." Na amsa da ƙarfina, don na ɗan koya a hannunsa, ko da yake shi da kansa ya ce hannuna ya fi dacewa da sufana.

Na fito da jitar daga saman kabad, tsirkiyoyin duk sun yi tsatsa sun saki. Sai na yi karambanin akuya: na kwance su na zubar, na je Jidda na sayo sabuwar ƙunshiya. Ina ɗaura mai kaurin duka ina neman muryar da ke kaina, na murɗa, na ƙara murɗawa, jitar ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sai ji na yi tas! Ta tsinke. Ta kusa da ita ma ta bi sahu. A sannan na gane Ilu bai rubuta komai ba, kuma abin da zan duba in auna kaurinsa na riga na ba mai shara. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ina zaune na yi tagumi Yaya Balki ta leƙo, ta dubi tsinkakkun ta kwashe da dariya. "Kai, Habu, yayanka bai taɓa ɗaura manyan biyun nan ba. Ni yake ba, da su nake shanyar tsummokaran kicin. Ƙunshiya biyu yake saya, ya ɗebi na tsakiya sau biyu."

Nan take abin ya warware mini. Saitinsa muryoyi ne na kusa da juna, babu mai zurfi can ƙasa, don haka babu aikin tsirkiya mai kauri sosai. Mai kauri in ka tilasta mata hawa sama, ko ta tsinke ko ta lanƙwasa wuyan jita. Siririya kuma in ka sauke ta ƙasa sai ta saki tana rawa ƙarƙashin ƙarfe. Kowacce da iyakar abin da za ta ɗauka. Na sake komawa kanti, wannan karon da kunyata.

Saura muryoyin. Matar da ta yi shekara ashirin tana ƙorafi ita ta zauna gabana, ta rufe ido, ta riƙa rero su ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama, ina murɗawa tana cewa ƙara, ƙara, tsaya nan. Ashe ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Na tsokane ta na ce dama kina saurare, ta ce in rufe mata baki in yi aikin gabana.

Ilu bai bar gida ba, bai bar fili ba, mukayyif ɗin da ya gyara ma an canza su tuni. Abin da ya bari yana cikin kunnuwan mutanensa, ko su ba su san suna ɗauke da shi ba. Ranar suna bayan la'asar na kwantar da jitar a cinya, na yi kuskure ya fi a ƙirga, ba wanda ya damu. Ina cikin zagaye na biyu sai Rabi, da jaririnta a kafaɗa, ta ɗauki waƙar da Hausar Maraɗi tsantsa, har ƙarshe, ba kalmar Larabci ko ɗaya. Da ta gama ta dubi uwarta da mamaki ta ce, "Inna, ashe na iya."

Allah Ya jiƙan Yaya Ilu, Ya sanyaya masa kabarinsa.