Kuɓewar Kaka a Saman Bene

Wata Alhamis a ƙarshen Fabrairu, shekarar da na cika tara, ko karin kumallo ba mu gama ba Kaka ta leƙo falo ta ɗaure ƙugu da ɗankwali, ta ce, "Yalla, manoma, gona na kira." A lokacin Alhamis ba a zuwa makaranta a Jidda. Ni da yayana Sani da ƙanwarmu Rabi muka watsar da kofunan shayi, muka yi rige-rigen hawa matakala har hawa na huɗu, muna ture juna, kowa na son ya riga taɓa ƙofar ƙarfen saman bene.

Kaka mahaifiyar Babanmu ce. Umra ta zo daga ƙauyenmu na kusa da Bichi, ta zauna tare da mu a unguwar Waziriyya, kuma da yake ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ko ƙofar gida ba ta cika leƙawa ba. Saman benen nan shi ne kasuwarta, shi ne gidan biki, shi ne gonarta. Tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya ta jera bokitan fenti da gwangwanayen madara sun fi talatin: tumatir, barkono, na'ana'a, da zogale guda biyu da suka fi Baba tsawo. Ta kan ce da zarar iskar teku ta fara ɗumi da hantsi, to tumatir ya gama zamaninsa, lokacin masu son zafi ya zo.

Aikin ranar yana da yawa, amma mu a wurinmu sallah ce. Muka tuge busassun itatuwan tumatir, muka juye bokitan a kan buhu, ni da Rabi muna tankaɗe ƙasar da tsohuwar rariya muna tsince saiwoyi da duwatsu. Sani, wanda Kaka ke kira angonta, shi ke ɗora ƙusa a wuta yana huda gindin sababbin bokitai. Baba direba ne, ya roƙi kafilinsa, wato ubangidansa, aron mota ya kawo mana takin tumaki daga kasuwar dabbobi, warinsa ya cika matakala har Umma ta rantse ba za mu shigar mata ɗaki ba sai mun yi wanka. Muka cuɗa taki da ƙasa da hannu har gwiwar hannu. Kaka ta sassare kan zogalen don ya yi rassa, muka ɗaura tsofaffin labulaye a kan igiya saboda zafin ranar da ke tafe. Ruwa kuwa ba a wasa da shi. Na alwala da na wankin shinkafa duk a baho ake tara su, mu ke hawa da su a jarka.

Da la'asar ta kwance bakin zanenta ta fito da irin kuɓewa, wanda wata alhajiya 'yar ƙauyenmu ta kawo mata daga gonar marigayi Kakanmu. Ɗan kaɗan ne, bai cika tafin hannu ba, kuma ta ce ba irin na kanti ba ne, wannan yauƙinsa daban. Ta ba kowannenmu ƙwaya biyar da bokitinsa, ta ce wanda nasa ya riga tsirowa shi zai ci kan kaza ranar Juma'a. Na rubuta sunana a jikin bokitina da Larabci, na zana masa fure.

Matsalata ita ce gaggawa. Kullum na dawo makaranta, ko jaka ban ajiye ba sai na haura, in sa yatsa in tono ƙwayoyin in duba ko sun fasa, sannan in mayar in rufe. A kwana na shida na Rabi ya ɓullo, washegari na Sani, suna ta tsalle suna yi mini gwalo. Nawa shiru. Da na sake tonowa na tarar sun yi laushi, ɗan farin tsiron da suka fara duk na karya shi. Na zauna bayan tanki ina kuka, don na san abin da na ɓata ba a sayar da shi a ko'ina a Jidda.

A nan Kaka ta same ni. Na faɗa mata gaskiya ina jiran faɗa. Ta duba bokitin, sannan ta ce, "Ƙawata, iri ba ya son leƙe. Kin taɓa ganin an buɗe tukunya kowane minti tuwo ya nuna?" Ta sake kwance bakin zanenta. Ƙwaya uku suka rage mata, ta zuba mini duka a hannu. Ta ce, "Halas, daga su babu wasu. Ki binne, ki ba su ruwa, ki kama hannunki."

Ban taɓa yin mako mai tsawon wannan ba. Ina zuba ruwa sai in zauna a kan hannayena don kada su ci amanata. Ranar Laraba da safe, da kayan makaranta a jikina, na haura na ga ƙasar ta tsage, wani ɗan kore ya sunkuyo da kai yana ɗauke da ɓawonsa kamar hula. Na sauko ina kiran Kaka tun daga hawa na huɗu, har maƙwabciyarmu Bayamaniya ta buɗe ƙofa ta ɗauka gobara ce. Duka ukun suka fito. Bayan wata biyu muka ci tuwo da miyar ɗanyar kuɓewa, Kaka ta bar manyan 'ya'ya huɗu a jikin tawa suka bushe, ta ce na iri ne, kuma ni ce mai ajiya.

Ina aji uku a sakandare ta koma gida, can ta rasu. Yanzu ina zaune a unguwar Bagdadiyya a nan Jidda, a benen da mai shi ya kulle samansa da kwaɗo, sai 'yar baranda da ba ta ɗaukar fiye da tukwane biyu. 'Yata tana jin Hausa amma da Larabci take ba ni amsa, kuɓewa ma bamiya take ce mata. Bana da iska ta fara ɗumi na miƙa mata cokali da ƙasa da irin kuɓewa, ta yamutsa fuska, can kuma na ji tana tambaya yaushe zai fito. Na so a ce akwai wadda ta fi ni iya ba ta amsa.